Kora ko Sallama: Tsayar da Ɗan Aiken Burauza

A watan Fabrairun 2024, ana tsakiyar yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, layukan sadarwa suka ɗauke a yawancin Sudan. Mutanen Omdurman suka koma biyan kuɗi don samun intanet na Starlink na ɗan lokaci, domin su karɓi tallafin 'yan uwa ta manhajar Bankak ta Bankin Khartoum. Wutar lantarki kuwa sai an ganta. A irin wannan hali, cajin waya dukiya ne, kuma mai rubuta manhajar da ke ɓarnatar da shi yana da laifi.

Ɗaya daga cikin ƙofofin ɓarnar shi ne Web Worker, wanda ya dace a kira ɗan aike. Shafi yakan miƙa masa lissafi mai nauyi ya yi a bayan fage, don kada fuskar shafin ta daskare. Ba ya taɓa abin da ke kan allo, saƙo kawai suke musaya. Rufe shafi yana kashe shi. Sai dai shafukan zamani da yawa ba sa rufuwa idan mai waya ya matsa daga sashe zuwa sashe, don haka ɗan aiken da aka bari yana zagayen lissafi zai ci gaba da shan batir, wanda ke zaune kuma ya riƙe ma'adanar waya.

Hanyoyin tsayar da shi biyu ne, kuma Hausa ta riga ta tanadi sunayensu. Umarnin terminate kora ce: shafi ne ke bayarwa, ɗan aike ya tsaya nan take, ko kayansa bai tattara ba. Umarnin close sallama ce: shi da kansa yake furtawa, ya ƙarasa abin da ke hannunsa, ya watsar da saƙonnin da ke jiran layi.

Ɗalibin da ya fassara duka biyun da “tsayarwa” ya binne wannan bambanci. Sallama ce ta fi, domin korar da ta faɗo ana tsakiyar adana bayanai tana sa aikin ya tashi a banza, a sake shi da wani cajin. Amma ɗan aiken da ya maƙale cikin zagayen da ba ya ƙarewa ba zai ji saƙon sallama ba, tunda bai sauke abin da ke hannunsa ba balle ya duba saƙo. Wannan kam sai kora.