Niyya Tana Nan, Ko Da Ƙafa Ta Ƙi

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sau da yawa niyyar takawa ba ta mutu ba. Hanyar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa ce ta yanke. Masana sun ƙera hula mai wayoyi da ke tsinkayo niyyar, sai inji ya motsa gaɓar nan take. Da yawan maimaitawa, cikin ikon Allah, ƙwaƙwalwa kan share sabuwar turba. A shekarar 2021 Amurka ta amince da irinta ta hannu, IpsiHand. Ta tafiya kuwa ana kan gwaji.

Mu da ba ta iso mana ba, mukan shimfiɗe majinyaci a ɗaki, wai tausayi. Likitoci kuwa cewa suke a tashe shi kullum, ya yunƙura da kansa, a kama masa.