Daga Bakin Rumfa: Tokara Ba Gazawa Ba Ce

Yau maganar ƙugu za mu yi, don na san da wuya a samu ɗan kasuwar da ya haura arba'in bai koka da shi ba.

Duk wanda ya taɓa zama a mota daga Kumasi zuwa Yamai, ta Tamale da Paga da Wagadugu, ya san abin da baya ke gani. Ka dawo kuma ka ɗare benci tun safe har magariba. Bara da ciwon ya dame ni, yarona ya nuna mini bidiyon yoga a waya, wani saurayi yana naɗe jikinsa kamar tabarma. Na ce ai wannan ba wuya. Na miƙe, na sandare gwiwa, na sunkuya da ƙarfi sai na taɓa yatsun ƙafa. Sai na ji wani abu ya tsarga mini a ƙugu kamar wuta. Kwana tara ina sallah a zaune, ga motar albasa ta iso, albasa kuwa ba ta jiran mai ita ya warke. Na yi asarar da har yau ba na son tunawa. Hajiya ta dube ni ta ce, "Alhaji, da girmanka kake gasa da ɗan cikinka?" Ban ce uffan ba.

Likitan gashi ne ya yi mini bayani a asibiti. Ya ce yawan zama yana ɗaure naman bayan cinya. In ya ɗaure, ƙashin ƙugu ba ya iya karkata gaba, sai gadon baya ya lanƙwashe a madadinsa, nauyin ya sauka kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Wato hannu ya kai ƙasa, amma baya ne ya biya kuɗin.

Da na ba wani Ba'indiye mai sayar da yadi labari, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ko a ƙasarmu manyan malaman abin da tokara suke koyarwa." Daga bakinsa na fara jin sunan B.K.S. Iyengar, daga baya na bi tarihinsa. An haife shi a 1918, ya taso cikin jinya, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tarin fuka, ga taifod. Ya koyar a birnin Pune na Indiya, inda aka buɗe makarantarsa a 1975, ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Shi ya yaɗa amfani da guntun katako, da ɗamara, da igiya, da bargo, da kujera, domin tsoho da majinyaci su tsaya daidai ba tare da sun ji rauni ba. Dabararsa ita ce, in hannunka bai kai ƙasa ba, to ka ɗago ƙasar ta zo ta same ka.

Mu da muke harka da manyan motoci ai mun san wannan. In mota ta tsaya a gangare, yaron mota waigi yake sa wa taya, kuma ba wanda ke cewa direba ya gaza.

Ga yadda nake yi yanzu, da kayan da ke kowane gida. In zan miƙa bayan cinya, nakan kwanta rigingine, in zarga rawani ko zane a tafin ƙafa, in ɗaga ƙafar a hankali iya inda ta yarda. Ƙasa tana riƙe mini baya, ba halin ya lanƙwashe. In zan sunkuya, nakan dafa kujera ko bango, in ɗan sassauta gwiwa, baya a miƙe. In zan zauna a ƙasa, nakan ninka bargo in hau, ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu, sai ka ga zaman ya daidaita da kansa. In zan karkata gefe, guntun katako nake sa wa a ƙarƙashin hannu. Na kanti tsawonsa kamar santimita 23 ne, faɗi 15, kauri 10, amma kafintan unguwa ya yanka mini nawa. In na gama, sai in kwanta, matashi a ƙarƙashin gwiwoyi.

Sai dai a kula, tokarar da ke zamewa ta fi babu haɗari. Kujerar roba a kan tayil ba abin yarda ba ce, a jingina ta da bango tukuna. Jan nama daban, zafi mai suka daban. In ka ji suka, ko ƙafa ta yi sanyi tana mutuwa, dakata ka ga likita. Mai hawan jini, da mai ciwon hawan ruwan ido, da mai juna biyu, kada su fara sai da izinin likita, musamman abin da ake sunkuyar da kai ƙasa.

Na san wasu za su ce, Alhaji, ya batun addini? Gaskiya ne asalin yoga yana da alaƙa da bautar Hindu, har majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin ta a 2008. Ni dai miƙa gaɓɓai kawai na ɗauka, ba waƙe, ba ambaton kowa. Mai shakka ya tambayi malaminsa. Darasin tokara kuwa ya shafi kowane irin motsa jiki.

Har yau hannuna bai taɓa yatsun ƙafata ba, kuma na daina nema. Amma ina ruku'u da sujada a tsaye cikin sahu, na je Yamai na dawo sau biyu ban kwanta ba. Girman kai rawanin tsiya, in ji Hausawa. Nawa rawanin dai yanzu a tafin ƙafa yake aiki.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.