Tartsatsin Tesla a bakin Tafkin Kainji

A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya ci garuruwa, aka tashi dubban mutanen ƙasar Yauri da Borgu. Injinanta takwas an gina su ne don samar da megawat 760, layinta mai volt 330,000 kuma ya miƙa har Birnin Kebbi. Duk da haka yaron Warra kan gama sakandare bai taɓa gwada lantarki da hannunsa ba, sai zane a allo.

Na'urar da Nikola Tesla ya ƙirƙira a Amurka a 1891 tana iya rage wannan giɓi, kuma ƙaramarta ba ta da tsada. Bututun roba, siririyar wayar jan ƙarfe da za a naɗa masa sau ɗari uku ko kusa, wata kakkaurar waya mai naɗi uku ko huɗu a gindi, taranzisto, rezisto da batir mai volt 9. Taranziston yana kunna wuta yana kashewa sau miliyoyi a cikin daƙiƙa, daidai da bugun da dogon naɗin ya fi karɓa, kamar mai tura lilo a kan kari. Ƙarfin volt sai ya taru a saman bututun, har kwan fitila mai iskar gas ya haska a hannu ba tare da waya ta taɓa shi ba.

Nan masu bidiyon "wutar kyauta" suke yaudarar jama'a. Na'urar ba ta haifar da wuta. Abin da batir ya bayar take juyawa, har da asara. Ɗalibin da ya ga batirinsa ya mutu cikin ɗan lokaci ya fahimci wannan fiye da mai haddace shi.

Masu tsoro suna da hujja. Babbar na'urar, wadda ake haɗawa da taransifomar akwatin ɗumama abinci mai volt wajen 2,000, tana kisa nan take, kuma kafasitarta kan riƙe wuta bayan an zare soket. Wannan bai kamata ya shiga ɗakin yaro ba. Ta batir kuwa iyakarta ɗan ƙuna a yatsa, sai dai a nisanta ta da wayar salula da mai na'urar bugun zuciya.

Malamin ma yana kusa. Mai naɗin koyil ɗin fanka da injin ban ruwa a kasuwar Yelwa ya san kaurin waya da lissafin naɗi, guntayen da yake zubarwa kuma sun isa aji guda. Shugaban makaranta a Ngaski ko Shanga zai iya gayyatarsa na yini ɗaya.