Kimiyya Da Sana'a: Tafintan Da Ke Tsakanin Lamba Da Kunne

Duk wanda ya taɓa halartar bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga watan Janairu, ko wani ɗaurin aure a Zonkwa, ko wa'azi a Kafanchan, ya san cewa yanzu taro ba ya cika sai da lasifika. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, kiɗan da ke tashi daga waɗannan manyan akwatuna ba daga faifan garmaho ko kaset yake fitowa ba kamar dā. Daga wayar hannu yake fitowa, ko daga kwamfuta, inda yake ajiye a matsayin lambobi tsantsa. Kunnen ɗan Adam kuwa ba ya jin lamba. Saboda haka tilas a sami tafinta a tsakani, wato ɗan allon lantarki da masu sana'ar ke kira DAC, wanda aikinsa shi ne ya karɓi lambobi ya mai da su motsin lantarki da zai girgiza lasifika.

Yadda abin yake shi ne, sauti girgizar iska ce. In za a ajiye shi cikin lambobi, sai na'ura ta riƙa auna ƙarfin girgizar a kai a kai tana rubutawa. A faifan CD, wanda kamfanonin Sony na Japan da Philips na Holan suka fito da shi a 1982, ana yin awon sau 44,100 cikin daƙiƙa guda, kowane awo kuma yana iya faɗawa kan ɗaya daga cikin matakai 65,536. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza har zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa, kuma tun a 1928 da 1949 wasu masana biyu a Amurka, Harry Nyquist da Claude Shannon, suka nuna cewa muddin yawan awo ya haura ninki biyu na girgizar, ana iya komo da sautin yadda yake. Aikin DAC ke nan, ya komo da shi.

A ƙasashen Turai da Amurka da Asiya akwai mutanen da suka mai da haɗa waɗannan alluna abin shagala, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. Sukan sayi kayan ɗaya ɗaya, su liƙa da dalma, su saurara, su yi gardama a kan wanda ya fi. Hanyoyi uku suka fi bi.

Ta farko ita ce tsanin rizista. Rizista ɗan ƙaramin abu ne da ke rage gudun lantarki, kowane mai gyaran rediyo yana da su cike da gwangwani. In aka jera su iri biyu, ɗaya ninkin ɗaya, kowace lamba za ta ba da nata rabon wutar. Mai koyo yana iya haɗa wannan da yamma guda, ya ji murya ta fito, ya kuma fahimci yadda abin ke aiki da idonsa. Amma akwai iyaka. Rizistan kasuwa mai kyau yakan kauce wa ƙimarsa da kashi ɗaya cikin ɗari, alhali kuwa ingancin CD yana bukatar kuskuren kada ya kai ɗaya cikin 65,536. Don haka tsanin gida ya dace da koyo, amma sautinsa ba ya rasa ɗan kaushi.

Ta biyu ita ce tsofaffin ƙwayoyin Philips, musamman TDA1541A, wadda aka sa cikin manyan na'urorin CD na shekarun 1980. Masu sha'awa suna ƙaunarta ƙwarai, suna cewa muryarta ta fi taushi. Sai dai tana da wuyar sha'ani: tana son wutar lantarki iri uku daban daban, da kafasita goma sha huɗu kewaye da ita. An kuma daɗe da daina ƙera ta, shi ya sa jabu ya cika kasuwa, har da waɗanda ake buga wa tambarin kambi na ƙarya don a tsawwala kuɗi. Wanda ya tsinci tsohuwar na'urar CD wurin 'yan gwangwan ya fi wanda ya yi odarta daga nesa kwanciyar hankali.

Ta uku ita ce ƙwayoyin zamani, irin su PCM5102A ta kamfanin Texas Instruments, wanda ya sayi kamfanin Burr-Brown a shekarar 2000, da na ESS, da na AKM. Waɗannan ba sa bin tsani. Suna kunnawa da kashewa ne da saurin gaske, sannan a tace abin da ya fito ya zama sauti. Allon PCM5102A bai kai akwatin ashana ba, bolt 3.3 ya ishe shi, kuma wayoyi uku ke kai masa lambobi bisa tsarin I2S da Philips ya shimfiɗa a 1986. Ana haɗa shi da 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi da ta fito a 2012, a sami na'urar kiɗa mai kyau da kuɗi kaɗan. Amma dogara ga kamfani guda yana da haɗari: da gobara ta cinye masana'antar AKM a Nobeoka ta Japan a watan Oktoba na 2020, masu ƙera kayan sauti da yawa sun canja fasalin allunansu ala tilas.

To, wanne ya fi? A nan ne mai sha'awa ya kamata ya yi hattara da kunnensa. Sananne ne cewa in aka kunna na'ura biyu, wadda ta ɗan fi ƙara ita ce za a ce ta fi daɗi, ko da bambancin bai taka kara ya karya ba. Hanyar gaskiya ita ce a sa sauti guda mai tsayawa, a auna da mita har ƙarfin alluna biyun ya zo daidai, sa'an nan wani ya riƙa sauyawa a bayan labule, mai saurare bai san wanne ke aiki ba. In aka yi haka, sau da yawa bambancin da ake ta cika baki a kansa tsakanin allunan zamani yakan ɓace. Abin da ke rage shi ne ingancin wutar da ake ba allon da tsabtar liƙin.

Wannan batu na wuta kuwa ya shafi Kudancin Kaduna kai tsaye. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce gurnanin nan da ake ji cikin lasifikar majami'u da masallatai idan ba a haɗa wayar ƙasa daidai ba. Janareto da inbata mai araha da cajar waya ta jabu kowannensu na ƙara nasa ƙugin. Allon da ya yi tsit a Jamus yana iya yin kuka a Samarun Kataf. Maganin bai fi ƙarfin mai gyara ba: a ba allon batir nasa, a gajarta wayoyi, a raba hanyar wuta da ta sauti, a tara wayoyin ƙasa wuri guda. Wanda ya iya wannan ba zai rasa aiki ba a yankin da kowane mako ake taro.

Kafanchan ba baƙuwar aikin hannu ba ce. Tun da ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, garin ya tara makanikai da masu aikin lantarki daga sassa daban daban na ƙasar nan. Harkar jirgin ta ja baya, kaset ɗin da Philips ya fito da shi a 1963 ya wuce, ga shi kuma kayan yanzu ana ƙera su ne don a yar in sun lalace. Tun da Apple ya cire ramin abin sauraro daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, har DAC ya koma cikin 'yar igiyar da ake saya a jefar. Mai gyaran da iyakar saninsa canja fanel ne, kullum kasuwarsa raguwa take yi. Wanda ya san dalilin aikin fanel ɗin kuwa, shi ne zai daɗe.

Akwai kuma abin da ya fi kasuwa muhimmanci. A gidaje da yawa akwai kaset na waƙoƙin Atyap da Bajju da Ham, da na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, da wa'azin malamai da muryoyin iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Zafi da laima suna cin zaren kaset a hankali. Ceto su yana bukatar ɗan'uwan DAC mai aiki ta ɗaya ɓangaren, wato mai mai da sauti lamba, kuma hannun da ya iya haɗa wannan shi ne zai iya sarrafa wancan.

Saboda haka ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kafanchan, da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin, su dubi wannan sana'a da idon basira. Mita guda, da ƙarfen liƙi, da rizista cikin tafin hannu sun isa a fara. A gayyato tsofaffin masu gyaran rediyo su koya wa ɗalibai riƙon dalma, ɗaliban kuma su bayyana musu lissafin. Yaron da ya ji murya ta fito daga allon da ya liƙa da hannunsa ba zai ƙara ɗaukar na'ura abin tsoro ba. Allah ya sa masu hannu a cikin al'amarin su ji.