Hotunan Baro da Minna: shaidar da ba ta shiga fayil

Ranar 19 ga Janairun 2019, sa'ad da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Baro a Ƙaramar Hukumar Agaie ta Jihar Neja, masu ɗaukar hoton gwamnati sun yi aikinsu yadda ya kamata: ga manyan baƙi, ga injin ɗaga kaya, ga fenti sabo fil. Irin waɗannan hotuna ne ke shiga rahotanni da kundin nasarori.

Akwai kuma wasu hotunan daban. Ɗalibi daga Minna, ko mai yi wa ƙasa hidima, ko ɗan gari, yakan ɗaga waya ya ɗauki gaɓar Kogin Neja a ranar da babu biki. Abin da ya fito a hotunan shekarun da suka biyo baya shi ne kwale-kwalen masunta da tasha tsit, ba jirgin dakon kaya, sai kuma hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro da ta gagari manyan motoci. Tun 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri har Baro. Mai son sanin inda aka kwana, hoton ɗan gari zai fi gaya masa gaskiya.

Darajar hoton ba ta tsaya ga bin diddigin kwangila ba. Minna kanta layin dogo ne ya raya ta, wanda aka fara shimfiɗawa daga Baro a 1907, ya isa Kano a 1911. Kusan duk abin da ido zai gani na wancan zamani Turawa ne suka ɗauka, kuma abin da ya dame su kawai suka ɗauka. Yau da gwamnatin Mohammed Umaru Bago ke faɗaɗa titunan Minna, shataletale da adonsa, da ginin da aka saba kwatance da shi, na iya ɓacewa cikin mako guda. Idan ba a wayar wani mai wucewa ba, ina za a sake ganinsu? Haka mutanen Mokwa, bayan ambaliyar Mayun 2025, da yawansu sai a tsofaffin hotuna za su nuna wa 'ya'yansu yadda unguwarsu take.

Duk da haka, mai ɗaukar hoto a bainar jama'a ya saba gamuwa da tsawa, wani lokaci har a ce sai ya goge. Barikin soja da madatsar Shiroro suna da hujjarsu ta tsaro, babu musu. Gaɓar kogi da shataletale ba su da ita, kuma ya kamata shugabannin hukumomi su bayyana wa masu gadinsu wannan bambanci a rubuce.

Jami'an hukumar NIWA da na Ma'aikatar Harkokin Teku, da hadiman da ke shirya wa ministoci bayanai, su riƙa ajiye hoton jiya kusa da na ranar biki kafin su rubuta cewa aiki ya kammala. Ita kuma Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, tare da Hukumar Gidajen Tarihi, su buɗe ƙofar karɓar hotunan jama'a, kowanne da kwanan wata, da wurin da aka ɗauka, da sunan mai shi idan ya amince.