Dankalin Turawa na hunturu: Tallafin da ya wuce Nuwamba ya zama asara

Duk shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke, hankalin gwamnatoci kan koma kan noman rani. Sai dai idan aka zo rabon iri da taki, alkama da shinkafa da masara ake ambata. Dankalin Turawa ba ya cika shiga lissafi, alhali yana cikin amfanin gonar da sanyin hunturu ya fi yi wa rana. Ya kamata a gyara wannan, kuma gyaran ya fara daga kalanda.

Dankalin Turawa shuka ce ta sanyi. Ya fi yin ƴaƴa idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya doshi digiri 30, shukar kan ci gaba da fitar da ganye amma ƴaƴan su tsaya. Wannan ne ya sa tsaunukan Filato, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, suka zama cibiyar nomansa a Najeriya.

A Kano da Zariya da Katsina kuwa, irin wannan sanyin ba ya samuwa sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Dankali na buƙatar kwana 90 zuwa 120 kafin ya nuna. Lissafin a fili yake: wanda ya shuka a ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba zai haƙe a Janairu ko Fabrairu. Wanda ya kai Janairu bai shuka ba, zafin Maris zai tarar da ƴaƴan ba su ƙosa ba.

Ribar da damina ba ta bayarwa

Babbar abokiyar gabar manomin dankali ita ce cutar da ke ƙone ganye ta ruɓar da ƴaƴa, wadda aka fi sani da bilait. Ita ce ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga 1845, inda mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu. Ita ce kuma ta cinye gonaki masu yawa a Filato a daminar 2022, ta bar manoma da bashin taki da na iri.

Cutar tana son laima da ganye mai jiƙe. Iskar hunturu busasshiya ce, don haka yaɗuwarta na raguwa ƙwarai a rani. Manomin da ke feshi akai-akai da damina zai ga kuɗin maganinsa ya sauka. Haka nan a rani shi ke da iko da ruwa: ya ba da lokacin da shuka ke so, ya tsayar lokacin da ya dace.

Akwai kuma batun kasuwa. A Filato ana shuka na damina a Afrilu da Mayu, a haƙe a Yuli da Agusta. A lokacin buhuna kan cika kasuwar Maikatako da ta Farin Gada, farashi ya faɗi, ga dankalin ba ya jure ajiya saboda laima. Girbi na biyu a hunturu yana raba kayan gida biyu, ya ba manomi kuɗi a watannin da rumbu ya fara sauka.

Maƙwabta sun daɗe da gane haka. A Jamhuriyar Nijar, manoman Bonkuku a jihar Tillaberi da masu lambuna a tsaunukan Ayar na jihar Agadez suna noman dankali a lokacin sanyi, kuma kayansu na isa kasuwannin Yamai. Idan ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa kamar Nijar ta iya, fadamun Arewacin Najeriya ba su da uzuri.

Iri ne tushen matsalar

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna hekta ɗaya a Najeriya ba ta kai tan 5 a matsakaici, alhali da iri mai kyau ana wuce tan 20. Babban dalilin wannan giɓin shi ne iri. Yawancin manoma na ware ƙananan ƴaƴa daga girbin bara su sake shukawa, cututtuka na bin su daga shekara zuwa shekara.

Hekta ɗaya na cin kusan tan 2 na iri, wanda shi ne kaso mafi tsoka a kuɗin da manomi ke kashewa. Kuma dankalin da aka haƙe ba ya tsiro nan take, sai ya huta wata biyu zuwa uku. Ke nan irin da za a shuka a Nuwamba dole ya fito daga ƙasa tun Yuli ko Agusta, a adana shi a ɗaki mai iska da haske kaɗan har ya fitar da gajerun tsiro masu ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

An ɗan taɓuka. A 2023 an amince da sababbin iri huɗu, wato Unica da Juriya da Babban da Kyau, bayan gwajin da Cibiyar Dankali ta Duniya ta yi tare da cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa mai reshe a Kuru. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da tsarin bunƙasa dankali na ƙasa na 2023 zuwa 2028. Amma iri a takarda daban, iri a hannun manomi daban. Abin da ya rage shi ne a horar da masu ninka iri a ƙauyuka, a kuma sa ido kan ingancin abin da suke sayarwa.

Abin da masu shakka ke faɗa

Masu cewa noman na da tsada suna da hujja. Dankali na shan ruwa milimita 500 zuwa 700 a zango guda, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tayar da injin ban ruwa ya zama nauyi. A rani ne kuma ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye ke yawa, su ne ke yaɗa cututtukan da ke lalata iri.

Sai matsalar tsaro. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a ƙarshen Disambar 2023 sun zo ne daidai lokacin da dankalin rani ke gona. Shukar da ke son ban ruwa duk bayan ƴan kwanaki ba ta jiran mai gudun hijira.

Waɗannan dalilai ne na shiga tsakani, ba na ja da baya ba. Famfo mai aiki da hasken rana, da aka bai wa ƙungiyar manoma bashi, zai sauke nauyin mai. Tafkunan da haƙar kuza ta bari a Filato suna nan da ruwa, manoma na amfani da su tun tuni, gyara da tsari kawai suke jira.

Shi ma manomi da nasa aikin. Kada ya shuka dankali a inda ya cire tumatir ko tattasai ko yalo, domin dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke kama su. Ya riƙa tara ƙasa a gindin shuka, saboda ɗan da rana ta taɓa kan zama kore, kuma koren na da guba. Ya yanke ganyen kamar mako biyu kafin haƙa, don fatar ta yi ƙwari ta jure tafiya zuwa Yankaba ko Legas.

Jihohin da ke son manomansu su ci moriyar hunturu su sa dankali cikin shirin noman rani, su ware kuɗin iri tun damina, su kammala rabo kafin ƙarshen Oktoba. Buhun irin da ya isa ƙauye a Janairu, tukunya ce makomarsa.