Fim ɗin talaka da masu tallar dawwama

Akwai wata magana da ta zauna a bakin wasu malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, wai fim ɗin almarar kimiyya sai da miliyoyi, kuma wanda aka yi da ƴan kuɗi kaɗan, aka cika shi da zolaya, wasan yara ne da bai cancanci allon makaranta ba. Wannan hukunci na masu auna fim da nauyin aljihu ne, kuma kuskure ne.

A 2014 Hollywood ta kashe kimanin dala miliyan 100 a kan Transcendence, inda Johnny Depp ya fito a matsayin masanin da aka juye hankalinsa cikin kwamfuta yana gab da mutuwa. Fuska a murtuke daga farko har ƙarshe, kiɗa mai tsoratarwa, na'urori sai walƙiya. Wanda ya zuba irin wannan dukiya wajen ƙawata na'ura ba ya iya yi mata dariya. Dole ya nuna ta abin al'ajabi ce, ko da yana cewa a ji tsoronta.

Shekara guda bayan haka Ba'amurke Don Hertzfeldt ya fitar da World of Tomorrow, minti 17 kacal, da mutane ƴan zane-zane irin waɗanda ɗalibi kan yi a bayan littafinsa. Wata mata ta zo daga zamani mai zuwa tana ba wata yarinya ƙarama labarin duniyarsu cikin murya marar motsin rai, yarinyar kuwa hankalinta na kan launuka da wasanta. An juye hankalin kakan matar cikin wani ɗan akwati domin ya dawwama, amma wasiƙun da yake aikowa daga ciki kururuwar firgita ce zalla. Da halaka ta tunkaro duniya, attajirai suka sa aka zuba hankulansu cikin akwatuna aka harba sararin samaniya. Talakawa kuwa suka sayi tafiyar zamani mai rahusa, na'urar ta riƙa jefar da su inda babu iska, gawawwakinsu na faɗowa suna ƙonewa, yarinyar tana kallonsu a matsayin taurari masu kyau. Mai kallo zai yi dariya, sannan dariyar ta maƙale masa a maƙogwaro. Tambayar da fim ɗin miliyan 100 ya kauce wa, ga ta an yi ta a fili: idan dawwama ta zama haja, wa ke da kuɗin sayenta?

Tambayar tana da muhalli, domin masu tallar suna nan. Ray Kurzweil ya sa wa 2045 alama tun 2005, a matsayin lokacin da hankalin mutum da na na'ura za su haɗe. Alhali kuwa wata ƴar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302, wadda aka zana taswirarsu tun 1986, har yau ba a rayar da ita cikakkiya cikin kwamfuta ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da kusan biliyan 86. Alkawari irin wannan zolaya ce ta dace da shi.

Haka Primer na Shane Carruth, na 2004, wanda aka yi da dala 7,000, kuɗin tsohuwar mota, ya kuma ci babbar kyautar bikin Sundance. Injiniyoyi biyu sun ƙera akwatin komawa baya cikin gareji. Me suka fara yi da wannan abin mamaki? Cacar hannun jari. Daga nan amana ta mutu tsakaninsu.

Abin takaici shi ne a ji wannan raini a ƙasar Moustapha Alassane, mutumin da ya zauna a Tawa, wanda a 1966 ya yi wa finafinan kaboyi dariya da Le Retour d'un aventurier, ya kuma zolayi masu mulki da kwaɗin Bon voyage Sim, duk da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Jama'ar da ta san wasan taubasai ba ta bukatar a koya mata cewa raha tana ɗaukar magana mai nauyi. World of Tomorrow yana shiga cikin awa guda ta darasi, har a samu minti 40 na muhawara da ɗalibai.